Sarkin Bola da Rijiyar Azumi

Shekara goma sha ɗaya ina maƙwabtaka da Mika'ilu mai gyaran rediyo a Inkil, ban taɓa ganin ya jefar da ko ƙusa ba. Zauren gidansu ne shagonsa. In ka shiga sai ka yi sallama biyu, ɗaya gare shi, ɗaya ga matattun rediyoyin da ke jibge har rufi. Sarkin Bola nake ce masa. Bai taɓa amsawa ba, bai kuma taɓa hana ni ba.

A saman ƙofarsa akwai wani baƙin abu rataye da zare kamar laya. Idon kyamarar bidiyo ne, irin ta masu ɗaukar biki a da, wato ɗan bututun nan da mai ɗauka ke manna wa idonsa. A ciki akwai 'yar talabijin, allonta bai fi farcen babban yatsa ba. Guda biyu ya ciro daga tsofaffin kyamarori. Na ƙofar nan da hannunsa ya kashe shi lokacin yana sabon shiga: ya jona masa batirin babur kai tsaye, abin ya yi ƙauri, shi ke nan. Ya ce ya rataye shi ne don ya riƙa ganin laifinsa kullum. Ɗayan yana cikin gwangwanin madara, naɗe da tsumma.

Bara da rani injin da ke cikin rijiyar burtsatsen Azumi ya tsinke ya faɗa. Azumi yayar matata ce, lambun tumatir take yi a Miri, da shi take riƙe gida tun rasuwar mijinta. Masu haƙa sun kwana biyu suna zura ƙugiya a makance, suka ce sai dai a haƙa sabuwa. Ita kuwa ba ta da halin sabuwa. Kwana huɗu ba ruwa, tumatir ya fara sunkuyar da kai.

Na ba Mika'ilu labarin don hira kawai, sai na ga ya miƙe ya ɗauko gwangwanin.

Yini guda ya yi a kansa. Wayoyi biyar ke fitowa daga idon, babu mai suna. Da mitarsa ya bi su ɗaya-ɗaya har ya gane ta wuta da ta hoto. Sannan ya fara ba shi wuta kaɗan-kaɗan kamar mai ba jariri kunu. Ƙarfin wuta bolt uku, shiru. Huɗu, ya yi wani siririn fito. A biyar allon ya kawo haske. Nan ya tsaya, ya rubuta biyar da farin fenti a jikinsa. Na miƙa yatsa zan taɓa cikinsa, ya buge min hannu, ya ce ƙanƙantarsa ba ta hana shi tara wutar da za ta girgiza ƙato irina ba. Daga nan ya ɗaure kyamarar ribas ta mota a doguwar waya, don a zura ta cikin rijiyar, idon ya nuna abin da take gani.

Washegari da hantsi muna Miri. Kyamara ta samu abincinta, bolt sha biyu daga batirin babur ɗinsa. Idon kuwa fawa-bank zai sha, sai aka tarar ba caji. Wani ya cika wayarsa da shi a hanya, ba zan faɗi sunansa ba saboda zumunci.

Zakka, shugaban masu haƙa, ya ce ga batiri nan a gabanmu, wuta ai wuta ce. Azumi ta dubi lambunta, ta ce Malam Mika'ilu ya taimaka ya gwada haka nan, rana tana yi.

"Yaya Azumi," in ji shi, "in na ba shi sha biyu zai mutu kafin ki ƙifta ido. Kuma ba ni da na uku."

Ya taka har bakin titi, ya tsayar da wani mai bas, ya aro cajar wayarsa ta mota, irin mai rage sha biyu ta koma biyar. Ya jona ta, ya auna sau biyu, muna ta zufa muna hararar sa. Sai da mita ta faɗa masa abin da yake so ya haɗa idon.

Ya manna fuskarsa, Zakka na sakin waya a hankali. Rana tana dukan kowa, amma shi a cikin bututunsa yana gani tsaf. Can ya ce a tsaya. Injin ya karkace ne, igiyarsa ta dunƙule a kansa. Aka zura ƙugiya, ya shiga cewa hagu, ƙasa kaɗan, murɗa. Bayan la'asar injin ya fito yana ɗigar laka.

Azumi ta ce ita ma sai ta leƙa. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Ta ce shekara tara tana shan ruwan rijiyar nan, yau ta fara ganin cikinta.

Da tumatir ya nuna ta aiko masa da kwando guda. Tumatir ya ƙare a sati biyu, da taimakon gidana. Kwandon kuwa yana nan a zaure, cike da ƙusoshi. Har gobe Sarkin Bola nake ce masa, sai dai yanzu in na faɗa, cire hula nake yi.