Wasiƙar Ailan a Hindawiyya

Ana kiran assalatu muka bar gida, ni da abokan tafiyata biyu, muka nufi filin jirgin Kano, za mu aikin Hajji. Wannan ne hawana jirgi na farko, kuma ba zan ɓoye muku ba, duk addu'ar da na iya sai da na karanta kafin mu tashi. Ɗaya daga cikinmu, mai cika bakin ya san duniya, bai buɗe ido ba sai a Jidda.

Daga Jidda muka shiga wata tsohuwar bas, zafi kamar bakin murhu. A hanya aka kawo mana shayi a ɗan kofin da bai fi babban yatsa ba, wai girshi biyu. Na shanye biyar ban ji na sha komai ba.

A unguwar Hindawiyya ta Makka na sauka, gidan gwaggona, wadda ta bar Kano a ƙasa shekara talatin da suka wuce, ta biyo ta Sudan. Unguwar a cushe take, ga masu ƙosai, ga masu ful, wato dafaffen wake, da gurasa, Hausa rabi Larabci rabi. Mijinta Bature ne, ana ce masa Alhaji Yusufu. A gonakin audugar Sudan ya yi aiki, can ya musulunta, can ya koyi Hausa a bakin leburori, shi ya sa har yau Sakkwatanci yake yi.

Tsohon ya shiga raina. Yanar ido ta rufe masa gani, amma ƙasarsu Ailan yana ganinta sarai. Ya ce yana ɗan shekara goma mahaifinsa ya kwashe su zuwa Ingila neman abinci, bai sake komawa ba. Ya ba ni labarin ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da katangun dutse, da burodin mahaifiyarsa. Iyayensa 'yan wata ɗariƙar Kirista ce, Kwaika, masu kiran junansu Abokai. Ba su da limami, ba su da waƙa. Ran Lahadi sai su zauna a farin ɗaki sa'a guda, shiru. Ba sa cire wa sarki hula, kuma ba sa rantsuwa ko a gaban alƙali, wai mai gaskiya ba ya bukata. Na ce da a kasuwar Kurmi suke, da ba su sayar da ko allura ba. Ya yi dariya har da tari.

Mutum ɗaya ta rage masa, ƙanwarsa, wadda ta koma ƙauyensu. Ita ba ta da ikon shiga Makka, shi kuma tsufa ya hana shi fita, sai wasiƙa. Wata ta iso kafin zuwana, ya ƙi ba baƙo ya karanta masa, ya ajiye har muka sauko daga Mina. Da hantsi ya miƙo mini, tunda ni malamin makaranta ne.

Ina buɗewa na ga ba daga ƙanwar ba ce. Maƙwabciyarta ce ta rubuto, an binne ta tun cikin sanyi. To, ni ɗan Kano ne, ba a koya mini jefa wa tsoho mutuwa kai tsaye ba. Sai na bi hanyarmu, na ce jikin ne ya ɗan matsa mata. Na ƙara da cewa wallahi ana ta magani.

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

"Ɗana, kwana goma sha biyu kana gidan nan ba ka rantse mini ba sai yau. Karanta abin da aka rubuta."

Kunya ta kama ni. Na karanta masa daga farko har ƙarshe, da Turancinsu. An ce Abokai bakwai ne suka raka ta, suka zauna shiru a farin ɗakin nan, aka sa ta kusa da kakanninsu.

Na rasa irin gaisuwar da zan yi masa. Gwaggo ta shimfiɗa tabarma ta zauna gefensa, ta yafito ni. Muka zauna mu uku, ba wanda ya ce uffan, ana jin hon ɗin tasi daga titi. Ni da ba na iya minti biyar baki rufe, ran nan har azahar ban so tashi ba. Hawaye na bin gemunsa bai share ba.

Ranar da zan taho, gwaggo ta cika mini jaka da dabino, ta ce in gaya wa Baba tana nan tafe baɗi. Ni da ita mun san ba haka ba ne, don ba za ta bar makahon nan ba.

Mun sauka Kano lafiya, gida ya cika da 'yan barka. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, wani tausayin namu jira kawai yake ƙara wa mutum. Da jama'a suka watse, Baba ya jawo ni kusa ya tambayi yaushe 'yar'uwarsa za ta dawo. Na ce ta ce baɗi, amma Baba, ba za ta dawo ba.  Sai ya ce in nemo takarda da alƙalami, yana da magana da ita.