Marta Mai Hura Mana Wuta

Ranar Juma'a da safe Inna ta gasa burodi uku, biyu namu, ɗaya na Marta. Mu Yahudawa ne a wani gari na ƙasar Austriya, kuma a addininmu ba a hura wuta ran Asabar. Marta maƙwabciyarmu ce, Kirista. Shekara goma sha ɗaya ita ke shigowa kowace Asabar ta hura mana murhu saboda sanyi. Makullin ƙofarmu ma yana hannunta. Lokacin ina 'yar shekara takwas, yayana Dauda yana da sha bakwai.

Da magariba rediyon maƙwabta ya ce sojojin Jamus na tafe, ƙasarmu ta zama tasu. Ta bango muka ji suna tafa hannu. Baba tela ne. Ya ce mu kwantar da hankali, ai duk unguwar nan shi ke yi musu ɗinki. Inna ba ta yarda ba. Da gari ya waye ta tura Dauda cikin ɗan lungun itace da ke bayan murhu, ta jera itace a bakinsa.

Ƙarfe bakwai ƙarar jirage ta cika sama. Ƙarfe takwas makulli ya juya a ƙofa. Na ruga da murna, don yatsuna sun ƙage. Marta ce, da maza huɗu a bayanta, kowa da jan ƙyalle a damtse, alamar masu goyon bayan Jamus. Duk 'yan unguwarmu ne. Ɗaya ma wandon da Baba ya ɗinka ne a jikinsa.

Ɗayansu ya daka wa Baba tsawa: "Fito! Kai da matarka!"

Ba su sha wahalar bincike ba. Marta ta san lungun nan, daga ciki take ɗibar itace. Haɓa kawai ta ɗaga wajen, suka jawo Dauda.

Ƙarfe tara suka ba Baba da Inna bokiti da buroshi, suka durƙusar da su suna goge titi. Mutane suka kewaye su suna dariya, har da ɗaga yara su gani. Ƙarfe goma aka jefa Dauda a mota.

Shagon Baba ya tafi, keken ɗinki ya tafi, aka kore ni daga makaranta. Bayan wata tara Inna ta saka ni a jirgin ƙasa na yara zalla mai fita ƙasar waje, da lamba rataye a wuyana. Jirgin ya yi kuka sau biyu. Ban hango Inna a cikin taron ba.

Na girma a hannun baƙi, na koyi unguwarzoma, aiki ya kawo ni Birnin Kudu, na zauna. Daga Surko har Zandam babu inda ban karɓi haihuwa ba. Yanzu matan Unguwar Ya suna yi mini tsiya: "Iya, da wannan tsufa, ki bari mu hura miki wutar mana!" Nakan yi dariya in karɓe ashanar. Suna ƙaunata, na sani. Har yau ban yafe wa Marta ba.

Mu huɗu muka ci burodin Juma'ar nan. Sauran ukun, ko kabarinsu ban sani ba.