Hatsin Ɗan Fari

Shekarar da aka ɗauki yaron nan zuwa lakwal, makarantar nasara, hatsi bai yi ba a wajenmu, can gefen Korahane. Ina cewa yaron nan ne don ɗan farina ne, mu kuwa ba mu faɗin sunan ɗan fari. Ko yanzu da tsufa ya zo, aka koya mini riƙe alƙalami a karatun manya, hannuna bai yarda ya rubuta shi ba.

Ina ƙarama na haife shi. Tun ranar suna na koyi kau da kai. Ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, nono ma sai na juya wa ƙofa baya. Da aka yaye shi ya koma ɗakin surukata, uwar mijina. Ita yake kira Inna, ni kuma Yaya, yadda ya ji ƙannen ubansa suna kirana. Ba wanda ya ga aibu a ciki, haka uwata ta yi da wana. Amma ta bayan darni nake kallonsa. Na san tarinsa a cikin tarin yara, na san ranar da ya ƙoshi da ranar da ya yi kamar ya ƙoshi.

Mijina ya tafi kudu neman abinci, bai dawo ba tukuna, sai ga gardi, wato dogarin kumandan nasara, da jar hularsa ya sauka gidan mai gari. Yara ake so na lakwal a Dakoro. Masu uba a gida aka tura su bayan awaki, wasu aka ɓoye su a rumbu, rumbunan ma ba komai cikinsu. Namu ba uba a gida. Aka ɗora shi bayan doki.

Muka bi sawu, ni da Inna, ina goye da ƙanwarsa, ƙarangiya tana cin ƙafafunmu. A hanya wata mata ta gaya mana yadda abin yake. Duk yaron ƙauye da aka sa lakwal, ana fitar masa da hatsi daga rumbun kumandan, shi ake kira rasiyon. In uwarsa tana cikin gari, ita ake auna wa, yaro ya ci a hannunta ya kwana ɗakinta. In ba ta nan, sai a ba da shi wani gida, hatsin ya bi shi can. Nan muka shirya da Inna. Ni zan zauna Dakoro wajen wata gwaggona mai ƴar bukka a bakin gari, ita ta koma ƙauye ta kula da abin da ya rage na awaki. Tun da aka ɗauke shi, ranar ce na fara jin numfashina ya sauka har ciki.

Lakwal ɗin rumfar zana ce da ɗaki guda na ƙasa. Mushe, haka ake kiran malamin, mutumin Dahome ne, siriri, da gajeren wando fari. Hausarsa a kasuwar Maraɗi ya tsince ta, tana fita a karye. Ya jera yaran a rana yana tambayar kowa. Gefe guda matan gari suna tsaye suna jira, cikinsu har da matar gardin da ya kawo yaron nan, wata doguwa mai zobba a kunne.

Da aka zo kansa, Mushe ya ce, "Wane ne uwar wannan?"

Inna ta matsa gaba. Kaka ce, wasan jika a bakinta yake ko ina ta tsaya. Ta ce, "Wanga? Mijina ne, Mushe. Ragon miji, ko itace bai iya yo mini."

Mata suka yi dariya, har gardi ya murmusa. Mushe bai yi ba. Ya dube ta, ya dubi yaron, sannan ya juyo gare ni.

"Ke. Ɗanki ne?"

Ga surukata a gefena, ga maza, ga matan da ban sani ba, duka ido a kaina. Na ja zane na rufe baki, na faɗi abin da kowace ɗiyar da aka yi wa tarbiyya za ta faɗa.

"Na Inna ne."

"Ina gidan Inna?"

Inna ta faɗi sunan ƙauyenmu, ta ƙara da cewa gobe ma za ta koma. Mushe ya yi wata magana da Faransanci. Gardi ya kama wuyan hannun yaron ya sa a hannun matarsa. Ba mu gane ba. Mun ɗauka riga za ta ba shi, don mun ga ana raba wa yara wasu riguna masu ruwan ƙasa. Inna har godiya ta yi. Sai da wuri ya watse, muka ga matar ta bi lungu da shi da wasu yara, ba ta waiwayo ba.

Duk matan da suke wurin sun san ni na haife shi. Yadda na rufe baki kaɗai ya isa. Gardin ma ya sani, Bahaushe ne kamarmu. Mutum ɗaya ne bai sani ba, shi ne kuma mai yanke magana.

Inna ta sami gardin a ƙofar gidansa. Ya ce mata, "Tsohuwa, maganar lakwal maganar nasara ce, in ta fita ba ta komawa." Da ta dawo ta ce mini, "Ke kam daidai kinka yi. Wa ke cewa nashi ne a gaban mutane?" Washegari ta kama hanyar gida.

A rijiya nake ganinsa. Rijiyar Dakoro zurfi gare ta, sa ke jan igiya ya yi nisa kafin wasaki ya fito, shi ya sa kullum akwai jira. Da sassafe, kafin a buga ƙarfen lakwal, yaran gidan gardi suke zuwa da tuluna. Hatsinsu matar gardin take dakawa ta yi fura ta kai kasuwa, su kuma ta dama musu dusa da ruwan tsari. Ban ji wannan a bakin kowa ba, a jikinsa na gani. Wuyansa ya fara tsawo. Gashinsa ya yi ja kamar na ɗan akuya. Gefen bakinsa ya tsage. Rigar lakwal da ta yi masa daidai ta koma tana zamewa daga kafaɗa. Abin da ya fi tsaya mini, ya daina gudu. Yaron da Inna take cewa ƙafarsa ba ta san tafiya ba sai gudu, yanzu in ya sauke tulu sai ya tsuguna ya dafa ƙasa.

Mu ma a bukkar gwaggo ƴaƴan anza na daji muke jiƙawa mu wanke ɗacinsu mu ci. In na yi wa wani gida sussuka aka ba ni ɗan hatsi, sai in yi gumba in ajiye a kan gungumen bakin rijiya, in koma gefe ina gyara goyo. Ya zo ya ɗauka bai dube ni ba. Shi ma abin da aka koya masa ke nan. Wata rana na ajiye, wani babban yaro ya riga shi. Na tsaya ina kallo, ban da bakin cewa a bari, na wane ne.

Na je wajen matar gardi. Na same ta tana mulmula fura, hannunta fari da gari. Na durƙusa na gaishe ta.

"Uwar gida, yaron nan na zo ki taimake ni ki ba ni shi."

"Wane yaro? Suna da yawa gidan nan. Hwaɗi sunanshi."

Na ja zane na rufe baki. Ta ci gaba da mulmula.

"To kin gani. Ke da bakinki kinka ce na Inna ne, duk gari ya ji. Ni amana anka ba ni. In Innar ta zo ta zauna Dakoro, sai ta tahi wajen Mushe."

"Shina ramewa, uwar gida."

"Wa ya yi ƙiba bana? Ke kin dubi kanki?"

Na fito. A hanya na gane ba abin da zai fitar da shi sai in tsaya gaban Mushe in faɗi abin da ban taɓa faɗa ba.

Sai da na koya. In na fita itace na yi nisa da gari, sai in tsaya gaban sabara in buɗe baki. Da farko iska kawai ke fita. Sunan kakansa ne na wajen uba, wato sunan surukina, kunya biyu ke nan a kalma ɗaya. Da ya fara fita sai na waiwaya, kamar wadda ta ɗauki abin wani. Ƙanwarsa a bayana ta ɗaga kai ta dube ni, don ba ta taɓa jin wannan kalma a bakina ba.

Na zaɓi lokacin da ake sakin yara su sha iska. Mushe yana tsaye a inuwar rumfa yana goge alli a hannunsa. Ban durƙusa da nisa ba kamar yadda ake yi, na matso har ina jin warin sabulunsa.

"Mushe, yaron da anka ba matar gardi, ni na haihe shi."

"Wanne?"

Na faɗi sunan. Ya fita da ƙarfi fiye da yadda na nufa, don a daji na koya, inda ba bango. Yara suka tsaya da wasa. Wasu mata masu wucewa da tuluna suka tsaya su ma, ɗaya ta sa hannu a baki.

Mushe ba mugun mutum ba ne, wannan zan faɗa. Ya daɗe yana dubana. Ina jin ya ga kamannin, don goshinmu ɗaya da yaron. Ya ɗaga murya ya kira shi. Ya zo a hankali ya tsaya, hannuwa a baya yadda suke koya musu.

"Wannan uwarka?"

Yaron nan ya dubi ƙasa. Babban yatsan ƙafarsa yana tona rairayi. Yara sun kewaye mu.

"Yaya ce."

"Ina uwarka?"

"Inna tana gida."

Mushe ya sauke numfashi. Bai yi mini tsawa ba, da gajiya ya yi maganar. Ya ce bana kowace mace uwar kowane yaro ce, in dai yaron yana da rasiyon. Ya nuna goyon bayana ya ce, "Wannan ɗanki. Wancan, jiya ba naki, yau naki. Hatsi ne ɗanki." Ya tafa hannu, yara suka koma rumfa.

Na tsaya a wurin har rana ta kai mini tsakar kai. Me zan nuna masa? Inna tana can nesa, gardi ba zai buɗe baki ba, matan da suka ji ni kunyata suke ji, ba shaida za su yi ba. Yaron kuwa ban ji haushinsa ba ko kaɗan. Ya amsa yadda Inna za ta yi alfahari da shi. Yana jin yunwa, ya san in ya ce e zai ci tuwo a ranar, amma bai iya cewa uwarsa ce a gaban mutane ba.

Kafin la'asar labari ya gama gari. A rijiya mata suna taɓa juna in na zo, ga wadda ta kira ɗan fari a gaban maza. Gwaggo ta ce, "Kin zubar da kunyar, hatsin kuma bai zo ba." Ba da mugunta ta faɗa ba, tana tsince anza ne take magana.

Na koma gidan gardi. Na ce wa matar zan riƙa yi mata daka, ba na son komai sai abin da ta ga dama na dusa. Ta yi dariya ta kira maƙwabciyarta ta kan darni. "Zo ki gani, yayar yaro ta zo daka." Amma ta yarda, don hannun banza ba a ƙin shi.

Haka na koma ina surfa hatsin da kumandan ya fitar da sunan ɗana, a turmin wata. Tana aunawa da tiya kafin in fara, ta sake aunawa in na gama. Abin da ba ta aunawa shi ne wanda ya manne a gindin turmi. Na koyi ƙara ruwa kaɗan a dakan ƙarshe don ya manne da yawa. In ta shiga ɗaki sai in kankare shi da yatsa in dunƙule, in kife turmi a kansa. In sun taso lakwal ya san inda zai duba. Dunƙulen bai kai ƙwan kaza ba, kuma na ga yana gutsura wa sauran yaran gidan, shi ya sa wuyansa bai cika ba. Amma bai faɗi ba. Ɗaya daga cikinsu, wani ɗan wajen Bader Goula, kafin ruwa ya sauka aka mai da shi gida kwance a kan jaki.

Da mijina ya dawo ya je ya yi magana, aka ce masa an riga an shirya, kuma gidan gardi ya fi kusa da lakwal. Yaron nan bai ƙara kwana ɗakin da nake ba. Daga gidan gardi motar kaya ta ɗauke shi zuwa Maraɗi, da ya gama abin da ake koyarwa a Dakoro.

Tun a farkon dakan nan ne, wata rana matar ta tafi kasuwa, ya dawo ya same ni ban gama ba. Ya tsaya bayan turmi, yana kallon kaji. Ni ma ina kallon taɓarya. Mu biyu ne kaɗai a tsakar gidan, ban da ƙanwarsa da take barci a bayana. Na ɗauka yunwa zai ce yana ji.

"Yaya."

"Na'am."

"Kada ki ƙara hwaɗin sunana. Yara suna yi mini dariya."

Na ce, "To."

Ya ɗauki dunƙulen da na ajiye masa a gefen turmi ya fita. Na ci gaba da daka, don matar za ta dawo ta auna.