Yadda Turawan Ingila Suka Kusa Hana Ni Aure

Ko na tsufa haƙorana sun zube, ba na jin zan manta da wata Lahadi, makonni kaɗan bayan ƙaramar salla, ranar da aka zo neman aurena. Ko ni na so in manta, 'yan gidanmu ba za su bar ni ba.

A lokacin ina cin littattafan soyayya kamar gyaɗa. Kwali guda nake da shi a ƙarƙashin gado, saboda haka na san yadda ranar neman aure take tafiya: dattawa su shigo da ƙamshin turare, a yi kalmomi masu daɗi, wani ya ce an ba ku, yarinya ta faɗa kan gado tana hawayen farin ciki, iska tana kaɗa labule. Har labulen ɗakina na wanke. Masoyina ba matuƙin jirgin sama ba ne irin na littafi, malamin firamare ne daga Ngojin, da wani kekensa mai kuka tun daga nesa. Amma in ya yi murmushi, ni kam wata nake gani ɗan daren goma sha huɗu.

Kamar yadda aka saba, mahaifina bai karɓi maganar da kansa ba. Ya tura su wurin ƙanensa, Baffa, wanda gidansa ke manne da namu a Hausari. Shi ma saurayi ba ya zuwa irin wannan zama, sai ya turo kawunsa da ya riƙe shi tun yana ƙarami, wani Alhaji mai tireloli, tare da dattawa biyu. Ni kuwa tun da hantsi na sulale ɗakin Gwaggo, yayar su Baffa, domin akwai wata 'yar taga a ɗakinta da ke kallon zaure. Na manna kunne.

Duk wanda ya san mu ya san ba a faɗin irin wannan magana kai tsaye. Sai an gaisa an sake gaisawa, an tambayi iyali da damina, an taɓa zancen kasuwar shanu, sannan babban baƙo ya gyara murya ya faɗi abin da ke tafe da su. Aka yi duk wannan. Na ji Alhaji ya gyara murya. Na rufe ido.

To ashe Baffa rage muryar rediyonsa ya yi, bai kashe ba. Daidai wannan lokacin mai labarai ya ɗauko zancen da ya cika duniya a kwanakin, cewa mutanen Birtaniya sun kaɗa ƙuri'a za su fice daga ƙungiyar ƙasashen Turai.

Baffa ya ce, "Ka ji maza!"

Alhaji ya haɗiye abin da ke bakinsa, ya ce, "Maza kuma, Malam? Ai wannan ɗanyen kai ne. Tsinken tsintsiya ɗaya ba ya shara."

"Tsintsiyar da kullum kai ne a ƙasa kana shan ƙura, wani yana riƙe da kanta? A'a Alhaji. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, amma su ba su ci ba. Noma suke yi, wasu na auna hatsin."

"Wa ya gaya maka? Ai su suka fi kowa cin moriyar haɗakar nan. An yi kiwonsu sun yi ƙiba, yanzu sun ga hanya."

"Ka taɓa zuwa Ingilar ne?"

"Direbobina suna Legas duk mako, can ake sauke kayan Turawa. Kai fa?"

Baffa dai iyakarsa Kano, ita ma sau biyu. Amma ya ce shekara talatin yana sauraron rediyo, ya fi wasu mazauna can sanin ƙasar. Daga nan abu ya kankama. Aka shiga zancen kan iyaka, aka shiga zancen kuɗinsu, har da kifin teku, alhali su biyun babu wanda ya taɓa cin wani kifi in ba kifin banda ba. Wani daga cikin dattawan ya yi ƙarfin hali ya ce, "Alhaji, abin da ya kawo mu fa..."

"Tsaya tukuna, in gama da wannan."

Gwaggo tana tsinke zogale tana girgiza kai. Ni kuwa ina ta addu'a batirin rediyon ya mutu, ban san rediyon ya daɗe da barin zancen ya koma wasanni ba.

A wancan lokacin na ɗauka haukan siyasa ne kawai irin na maza. Sai daga baya na gane. Shekara uku kafin nan Baffa ya ware daga gandunmu na ƙauyen Mamudo, ya ce a yanka masa nasa kason, kuma har lokacin dangi ba su daina yi masa kallon wanda ya fasa gida ba. Shi kuma Alhaji, ƙanensa ne ya zare motocinsa biyu daga haɗakarsu ya kama gabansa, abin yana cin sa ba ya faɗa. Kowannensu ya ji an ambaci Ingila, sai ya ga kansa a ciki.

Ana gab da kiran la'asar Alhaji ya saki wadda ta ƙarasa komai. Ya ce, "Malam, kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

Can na ji muryar Baffa a sanyaye, "Da wa kake?"

"Da Turawa nake."

"To Turawan sun ji."

Sai ƙarar babbar riga ana kakkaɓewa, sai takalma, sai tashin mota. Goro da alawar da aka zo da su ko buɗe su ba a yi ba. Awa uku dattawa huɗu suna zaune saboda ni, ba wanda ya ambaci sunana.

Washegari da yamma masoyina ya zo, kekensa ma a tura yake. Ya ce kawunsa ya rantse ba zai sake taka zauren nan ba, shi kuma ba shi da fuskar da zai tura wani ya tsallake mutumin da ya raine shi. Mahaifina ya ce ya riga ya ba ƙanensa magana, ba zai karɓe ba. Baffa kuwa duk wanda ya taɓa shi sai ya buɗe hannu ya ce, "Ni na hana ne? Wa ya tambaye ni wani abu?" Kuma gaskiyarsa. Ba a nema ba, ba a hana ba, ga ni nan a rataye.

Sai na yi abin da na san jarumai mata suna yi. Na daina cin abinci, domin in rame, in faɗi, a kai ni asibiti, likita ya cire tabarau ya ce in ba a ba ta wanda take so ba za a rasa ta. Na kwanta na fuskanci bango. Har azahar ba wanda ya lura. Da la'asar ƙanwata ta leƙo ta tambaya ko ta cinye nawa. Da magariba aka sauke burabusko da miyar yakuwa, daga nan ciwon nawa ya warke.

Kwana tara ana haka. Ran na goma Gwaggo ta ga idona ya kumbura, ta ajiye taɓarya, ta ja mayafi ta nufi zaure wurin Baffa. Na bi ta har bakin ƙofa.

Ta ce, "Kai, kashe abin nan in yi magana. Turawan nan da kake tare wa faɗa, sun san da kai? Ranar da matarka ta haihu sun aiko da barka?"

Baffa ya ce, "Yaya, ba ki gane ba, magana ce ta 'yanci."

"Na gane sarai. Ba Ingila kake karewa ba, gonar Mamudo kake karewa. Ka karɓi gonarka, ka noma, ka ci, Allah ya sa albarka. To ita yarinyar nan me ta yi maka? Ko ita ma kason naka ce?"

Baffa ya murza gemunsa, sannan ya ce, "To su zo mana. Amma ni ba zan aika ba."

Gwaggo ta aika wa limamin unguwarmu. Shi ya je ya ɗauko Alhaji ranar Juma'a bayan an sauko, ya ce masa rantsuwarsa ta taka zaure ce, to a tsaya a ƙofar gida. Ina daga tagar Gwaggo na ga sun iso. Liman bai bari an shimfiɗa tabarma ba, bai bari an yi ko ina wuni ba. Yana tsaye da takalminsa ya ce, "Malam, Alhaji yana nema wa ɗansa auren 'yarka. Ka ba shi?"

Baffa ya ce, "Na ba shi."

"Alhaji, ka karɓa?"

"Na karɓa."

"To a shafa Fatiha."

Aka shafa. Ban faɗa kan gado ba, hawayen ma sun ƙi zuwa, abin ya yi sauri da yawa. Ina cikin mamaki na ji Alhaji yana cewa, "Yauwa. To Malam, waccan maganar ta kan iyaka da ka yi, ai ba haka ba ne." Baffa ya ce a kawo tabarma.

Tun daga ranar suka zama aminai, duk Juma'a sai sun haɗu sun ɗora daga inda suka tsaya. Aka ɗaura aurena, na tare a Ngojin, na haihu, na yaye, na sake haihuwa, Ingila ba ta gama fita ba.

Abin da na koya shi ne, in ka ga mutum yana tada jijiyar wuya a kan abin da ke faruwa a bayan teku, ka duba kusa da shi, akwai inda ke yi masa ciwo. Kuma in wata buƙata ta kai ka ƙofar mutane, ka faɗe ta tukuna. Gaisuwa ba ta guduwa.