Saƙon Gwajin Yaya

Yayana ne ya koya mini rubuta manhaja, a barandar gidanmu a Kazaure, kuma Allah bai ba shi haƙurin koyarwa ba. In na yi kuskure sai ya fizge kwamfutar ya ce kaina ya fi duwatsun Roni tauri. Abu ɗaya ya fi nanata mini. Sunan da kika raɗa wa abu a cikin ƙaramin aiki, a nan yake tsayawa, aikin na ƙarewa ya ɓace. Wanda kuwa kika rubuta a can sama, kowane sashe yana ganinsa, yana nan daram sai an goge shi.

Shi ya rubuta manhajar da ke tura wa manoman ƙungiyarmu saƙon waya, daga Gwiwa har Babura, in za a raba taki ko a yi wa dabbobi rigakafi. Ya tattara ayyukansa cikin ƙunshi guda, wanda ake jawowa a yi amfani da shi. Da ya rasu a haɗarin mota, aikin ya faɗo kaina.

Ranar da na fara turawa ni kaɗai, bayan la'asar, wayar Inna ta yi ƙara tana tankaɗe. Ba ta karatun boko, sai ta miƙo mini. Na karanta a fili kafin in ankara: "Inna, gwaji nake. Kin ci abinci?" Rariyar ta suɓuce daga hannunta.

Ashe Yaya ne ya ajiye lambarta a saman ƙunshin a matsayin ta gwaji, manhajar kan fara da ita kafin kowa. Na ji tsoro, na kuma ji haushinsa. Na sake rubuta sunan da ya raɗa wa lambar gwajin a cikin nawa aikin, na sa lambata, na ce shi ke nan. Da aka tashi wani rabon, wayarta ta sake ƙara. Gyarana ya tsaya a inda na yi shi, nasa na sama ko gezau. Har muryarsa na ji a kunnena yana mini faɗa.

Na buɗe ƙunshin, na lalubo layin da ya rubuta lambarta. Inna ta zo ta tsaya a kaina.

"Me za ki yi?"

"Cirewa zan yi, Inna, ya daina tayar miki da hankali."

"Ai na san ba shi ba ne, ni ba yarinya ba ce," in ji ta. "Amma duk gidan nan, tun da ya tafi, wa ya tambaye ni ko na ci?"

Kunya ta rufe ni. Na rufe kwamfutar.

Layin yana nan har yau. Duk ranar turawa takan zuba tuwonta da wuri ta cinye, ta ajiye wayar a gefen tabarma. In ta yi ƙara ni nake karantawa. Ba ta kallona. Wayar take kallo, ta ce, "Na ci."