Gaisuwar Kan Adaidaita a Makarantar Coci

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara wannan ƙarar ba, ina suyar ƙosai a cikin wata makaranta ta 'yan coci a nan Gumel. Da maigidana ya rasu a Gagarawa na dawo wajen ɗana, zaman banza kuwa bai taɓa karɓata ba. Shugabar makarantar, wata doguwar mata daga Filato, ita ta ba ni gindin darbejiya daga cikin ƙofa. Sharaɗi ɗaya ta kafa mini.

"Mama, ki yi sana'arki. Amma ranar da wani yaro ya ji ciwo ta dalilin zamanki, ranar za ki tashi."

Na ce, "Malama, yara tara na raina, babu wanda ya taɓa ƙonewa a hannuna."

Ni wuta da mai kawai nake tunani. Kaskon nan shi ne cina, shi ne suturata, don haka na kewaye murhu da duwatsu, na zauna.

To, filin makarantar ɗaya ne, ƙofar ma ɗaya. Nan coci yake, nan azuzuwa suke, nan yara ke guje-guje, nan kuma kowa ke shigowa da abin hawansa da safe. Mai babur ya shigo, mai adaidaita ya shigo da yara cunkus, mai mota ya biyo baya yana hon. Kowa ya wuce ni fuu, sai ka ce kututture aka dasa a wurin. Abin ya riƙa ci mini rai. A Gagarawa ko jaki mutum yake kai, in ya zo gaban babba sai ya sassauta ya yi gaisuwa.

Cikin masu adaidaitar akwai ɗan ƙanwata, daga Sule Tankarkar ya zo neman abinci, yana ɗauko 'ya'yan ma'aikata. Mutum da gemunsa, da matarsa, da 'ya'ya biyu. Shi ma ya wuce ni ranar farko, ya wuce ni ta biyu. A ta uku na tare shi a gaban abokan sana'arsa.

"Kai, ni ce na yanke maka cibi. Birni ya cinye maka baki ne? Ko sai na aika wa uwarka?"

"Inna, ki yi haƙuri, sauri nake yi."

"Saurin ya fi ni?"

Abokansa suka yi ta dariya, amma maganar ta shige su. Daga ranar kowa ya gyara. Mai babur ya saki hannu ɗaya ya ɗaga mini. Mai adaidaita ya karkato wuya. Akwai wani ma'aikaci ɗan cocin, mai farar mota, shi har kai yake leƙowa ta taga: "Mama ina kwana? Ina gajiya? Ya ƙafa? Ya jikoki?" Motar tana tafiya, gaisuwar tana tafiya. Ni kuwa ina zaune ina amsawa ɗaya bayan ɗaya, ina jin na koya wa mutanen Gumel tarbiyya.

Ana nan, ana nan, sai ranar kasuwar Maigatari. A irin ranar masu adaidaita ba sa ganin gabansu, kowa so yake ya zubar da yara ya ruga tasha kafin fasinja su ƙare. Ɗan ƙanwata ya faɗo ƙofa a guje. Har ya gota ni sai ya tuna, ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya.

"Inna, barka da asuba!"

A daidai lokacin wata 'yar ƙaramar yarinya ta ajin rainon yara, gorar ruwanta ta suɓuce ta gangara tsakiyar fili. Ta bi ta, ta tsuguna. Ina ganinta, shi ba ya ganinta. Na miƙe ina nuna masa gabansa da matsamin ƙosai, shi kuwa sai washe baki yake yana ƙara ɗaga mini hannu. Malama ce ta yi tsalle daga baranda ta fizgo yarinyar ta riga. Tayar gaba ta bi ta kan gorar ta fasa ta, yarinyar ta faɗi ta gurje gwiwa da gwiwar hannu. Ya taka birki, yaran da ke bayansa suka gwara kawuna, fili ya ɗauki kuka.

Ƙosaina ya ƙone ƙurmus a kasko, ban ma sani ba.

Da aka wanke ciwon aka ɗaure, aka tara mu a ofis: ni, da shi, da Fasto, da uban yarinyar. Uban nan ashe mai farar motar ne, mai tambayar ƙafata kullum. Fasto ya ce wa ɗan ƙanwata, "Me kake kallo da ba ka kalli hanya ba?"

Wannan ƙaton, sai ya nuna ni. "Inna ce ta ce in na sake wucewa ban gaishe ta ba za ta haɗa ni da uwata."

Ku ji fa! Na ce, "Na ce ka gaishe ni, na ce ka cire idonka ka ajiye a kaskona?"

Malama ta ce, "Mama, makonni ina kallo. Duk wanda ya shigo ƙofar nan wuyansa yana wajenki. Kin tuna abin da muka yi da ke?"

"Yanzu gaisuwa ce ta zama laifi?"

"Gaisuwa ba laifi ba ce. Amma yarinyar nan saura taki ɗaya."

Na kwashe kaskona na tafi gida. Kwana uku ina faɗa ni kaɗai. Na yi faɗa da ɗan ƙanwata a raina, na yi da Malama, na yi da wanda ya ƙera adaidaita. Amma duk na rufe ido sai in ga gorar nan a lotse, in tuna girman kan yarinyar bai fi na gorar ba. A na huɗu na yafa mayafi na koma.

Na ce, "Malama, ni na ɓata su, ki bar ni in gyara su. A ɗaura igiya a ƙofa, kowa ya tsaya a waje ya tako da yaransa a hannu. Ki mayar da ni bakin igiyar. Wanda ya gaishe ni injinsa na ƙara, ko wane ne, ba zan amsa ba."

Ta dube ni. "Ke, Mama? Ki ji gaisuwa ki yi shiru?"

"Ki gwada ni."

Aka ɗaura igiya. Aka yi ta mita, wani ya ce rana, wani ya ce latti, wani ya ce motarsa ba ta saba da waje ba. Ni kuma wahalar da na sha Allah kaɗai ya sani, don bakina da kansa yake buɗewa. Washegari Fasto ya taho a motarsa, ya leƙo: "Mama, ina kwana?" Na kafa wa kasko ido. Ya sake. Na juya ƙosai. Sai ya kashe mota ya sauko ya tako har gabana, ya rusuna.

Na ce, "Lafiya lau, Fasto. Yanzu na ji ka."

Shekara shida na ƙara a wurin kafin gwiwa ta zaunar da ni, ba a sake taɓa yaro ba. Abin da har yau yake ba ni haushi shi ne, manya masu lasisi sai da tsohuwar da ba ta taɓa riƙe sitiyari ba ta yi musu gum da baki kafin suka kalli gabansu. Ɗabi'ar kuma ta zauna mini. Ko a ƙofar gida nake, mai babur ya ɗaga mini hannu yana tafe, sai in dubi ƙasa. Wasu in sun gota sukan ce wa juna, "Bar ta, tsohuwar ta kurumce."

Ina jin su sarai.