Sai Oga Ya Tashi

A ofishin da na fara aikin gwamnati a Abuja, ba a tashi sai oga ya tashi. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, ban kuma taɓa jin wani ya faɗe shi a matsayin doka ba. A ƙa'ida ƙarfe huɗu ake rufe aiki. Amma huɗu takan yi ta wuce, rana ta yi sanyi, mu kuwa muna nan zaune kamar masu zaman makoki, kowa na satar kallon ƙofar mataimakin darakta, wato ogan namu.

Kafin in samu aikin na ɗan sha wuya, ko da yake ba zan ce na fi kowa ba. Labarin ƙasa na karanta a jami'a. Bayan hidimar ƙasa na koyar a wata makarantar kuɗi a Uke, inda nake ɗaukar lissafi da Turanci da duk darasin da malaminsa ya gudu. Saboda haka da aka ɗauke ni a wannan hukuma, hannu bibbiyu na riƙe aikin. Ba a tabbatar da ni ba tukuna, tabbatarwar kuma sai da yardar oga. Wannan na sani sarai, shi ne ma abin da na fara sani.

Kuskurena, idan kuskure ne, shi ne na shiga karatun digiri na biyu a fannin tsara birane. Karatun yamma ne, Talata da Alhamis. Na nemi izini yadda ya kamata, aka kuma ba ni. Abin da ban lissafa ba shi ne daga ofis zuwa makarantar tafiya ce, ga cunkoson yamma. Idan na tashi a kan lokaci zan samu aji. Idan na jira oga, sai dai in tarar ana kashe fitila.

A ɗakinmu akwai wani babban ma'aikaci da muke kira Alhaji. Ya daɗe a hukumar, kuma ban taɓa ganin wanda ya ƙware a zaman banza kamarsa ba. Da zarar huɗu ta gabato sai ya ɗauko wani tsohon fayil, ya buɗe, ya saka tabarau, ya riƙe biro a sama kamar mai shirin yanke hukunci. Fayil ɗin bai taɓa canzawa ba. Ina jin ko shafin ma bai canza ba, amma wannan ba zan rantse ba. Sauran kuwa, wani ya buɗe kwamfuta yana kallon bango, wata tana cinikin atamfa ta waya da murya ƙasa-ƙasa. Dukkanmu masu digiri ne. Wasu har biyu.

A bakin ƙofar oga sakatariyarsa ke zama, wata mata 'yar Filato da kowa ke kira Madam. Ranar Talatar farko da na miƙe da jakata, ta ɗago kai.

"Ƙanena, ina zuwa?"

"Makaranta, Madam. Ai na samu izini."

"Izini daban, tashi daban," in ji ta. "Wannan ofis, kowa yana da gida, ka gane? Ni ma yarana suna jira na. Ka ga na tashi?"

Alhaji bai ɗago daga fayil ɗinsa ba, ya ce, "Ƙyale shi, Madam. Yaran yanzu ai da agogo aka haife su."

Na koma na zauna. Na ce a raina bari in bar yau, in fahimci wurin tukuna. Ran Alhamis ma na bari. Haka makonni suka tafi, ina zuwa aji jefi-jefi, sai ranar da oga ya yi tafiya ko ya je ɗaurin aure.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da na gano me oga yake yi a ciki. Na kai masa wata takarda da yamma, na same shi ya cire takalmi, ya miƙe ƙafa a kan kujera, yana kallon ƙwallo a waya. Lokaci-lokaci sai ya ɗaga labule ya leƙa wajen ajiye motoci. Motar darakta yake dubawa. Ashe shi ma jira yake. Daga baya Madam ta ce mini daraktan ma ba ya fita sai na sama da shi ya fita. Wato ginin nan gaba ɗaya, hawa bisa hawa, manyan mutane da furfura da tumbi suna zaune suna gadin junansu, ana ƙona man janareta, ba wanda ke aikin komai. Da motar darakta ta fice sai ka ji ƙofar oga ta buɗe, masinja ya fito da jaka, Alhaji ya rufe fayil ya miƙe tsaye yana cewa, "Ranka ya daɗe, an gaji da aiki." Oga ya amsa, "Ya za a yi, Alhaji, ƙasa muke wa." Ba wanda ke dariya.

Ana cikin haka malamin da ke ɗaukar mu babban darasi ya tsayar da ni a bakin aji. Ya ce fuskata baƙuwa ce a wurinsa, kuma idan na ƙara fashi ba zai bar ni in zauna jarrabawa ba. Bai ɗaga murya ba. Wanda bai zauna wannan jarrabawar ba kuwa shekarar ta tafi, ni kuma ban ga yadda zan sake ɗaukar wata ba.

Na kwana biyu ina juya maganar a ɗakina a unguwar Dutse Alhaji. Na tsara yadda zan faɗa wa oga, na rushe, na sake tsarawa. Da na shiga wurinsa na gaishe shi har sau biyu saboda ruɗewa.

"Ranka ya daɗe, dama batun karatun nan ne da ka amince mini. To, wato, ajin da yamma ne. Na ce ko zai yiwu, idan ba damuwa, ranar Talata da Alhamis in riƙa fita idan huɗu ta yi."

Ya kalle ni da mamaki, mamakin da na yi imani ya sha gwada shi a kan wasu.

"Wa ya hana ka?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"To! Ni na taɓa riƙe wani a nan? Madam!" Ta leƙo. "Na taɓa cewa kada wani ya tafi gida?"

"Ko sau ɗaya, oga."

"Ka ji. Je ka yi karatunka, Farfesa. Mu da ba mu yi ba ai ga mu nan."

Gaskiya ya faɗa, bai taɓa hana kowa ba. Na fito ina jin kamar na yi ƙarar wani a kan laifin da ba a aikata ba.

Ran Talata na ɗauki jaka na fita a kan lokaci. Daga kujerata zuwa ƙofa ba nisa, amma ban taɓa tafiya mai tsawonta ba. Alhaji ya ce, "A gaida ɗalibai, Farfesa." Wani ya yi tari. A cikin motar haya har na yi tunanin in sauka in koma in ce mantuwa na yi. Ban sauka ba. Ba jarumta ba ce, direban ne ya riga ya hau babban titi.

Washegari ba wanda ya ce mini komai. Sai dai ɗan aikin da ake ba ni ya daina zuwa. Ana shiga taro ba a kira na. Sunan Farfesa ya bi ni har wurin masu gadi. Na yi ƙoƙarin ramawa da sauran ranakun, ina zama har bayan kowa ya watse, ina zuwa da sassafe kafin a share ofis. Madam ce ta tausaya mini, ta ce, "Ƙanena, zuwan safe ba ya shiga lissafi. Wa ya gan ka?"

Na zauna jarrabawar, na kuma ci, ba da wani sakamako na a zo a gani ba. Da lokacin tabbatar da mu ya yi, waɗanda aka ɗauke mu tare duk aka tabbatar da su, ni aka ce a ƙara duba ni. Na je wurin Alhaji in ji dalili, don shi ke jin abin da ake faɗa a ciki. Ya cire tabarau, ya ce oga ya yaba da ƙwazona ƙwarai, sai dai an lura ba ni da haƙurin zama da mutane.

Ba a jima ba aka tura ni wani ƙaramin ofishin hukumar a Yangoji, wai ana buƙatar mai ilimin tsara gari a can. Ɗaki ɗaya ne da tebur, bayansa gonar doya. Wataƙila da gaske buƙatar ce, ba ni da shaidar da zan ce ba ita ba ce. A can na ƙarasa rubutun digirin, a can kuma tabbatarwar ta same ni, bayan an canza wa oga wurin aiki.